Tallan Kurciya a Kwamfutar Matata

Bu Wiwik, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni kafin ƙarshen watan nan. Na san filinki na masu rikicin waya da kwamfuta ne. To, nawa rikicin a kwamfuta ya fara, amma ya riga ya shiga ɗakin girki, ina tsoron kada ya ƙarasa ɗakin kwana. Kada ki buga sunana, domin ko a masallacin unguwarmu ana karanta ki.

Ni tsohon ma'aikacin gidan waya ne a nan Klaten, na yi ritaya. Matata, bari in kira ta Bune kamar yadda nake kiranta a gida, tana sayar da yadin lurik saƙar hannu, rabi a falonmu, rabi ta intanet. 'Yarmu ce ta saya mata kwamfuta don wannan sana'a, kullum tana nan a kan teburin cin abinci. Kwamfutar ba tawa ba ce, na san wannan, ba sai kin tuna mini ba.

Ni mai kiwon kurciyar gasar kuka ne. Ko in ce, a wajen iyalina, tsohon mai kiwo ne. Na yi shekaru ina kai tsuntsaye fili duk Lahadi, a ja kejinka sama da igiya, ka zauna a ƙasa kana kallon alƙalai suna zagaye da kunnuwa a buɗe. Wanda bai ɗanɗana ba ba zai gane ba. Sai ranar da dangin saurayin 'yarmu suka zo neman aure, da ayabarsu da wainarsu, aka zaunar da su a falo, aka nemi uban yarinya aka rasa. Ina fili, tsuntsuna ya kai zagayen ƙarshe. Da na iso, shayinsu ya huce, ni kuma ina ƙamshin gero. Bune ba ta ɗaga murya ba. Ta yi wa baƙi fara'a har suka tafi, sannan na shafe makonni ina shan shayi ba sukari.

Da Sallah ta zo, muka jeru muna neman gafarar manya. Na durƙusa gaban surukata, Mbah Putri, na ɗora goshina a gwiwarta, sai kawai na ji bakina yana cewa daga yau na bar kurciya har abada. Babu wanda ya ce in faɗa. Yanayin ne ya ɗebe ni, kowa yana kuka, ni ma na so in kawo nawa abin. Mbah Putri ta shafa kaina ta ce Allah ya shaida. Na rarraba tsuntsayena, na wanke farfajiya, sukari ya dawo.

Na daure, Bu, wallahi na daure. Sai wata rana ina kan kujerar wanzaminmu, Pak Ngadiman, aska tana kan maƙogwarona, ya tsaya cak ya ce in saurara. Daga bayan shagon wani ɗan saurayin tsuntsu ya yi kuka. Farkon kukan a nitse, tsakiyar a rarrabe tsaf, wutsiyar kuwa doguwa, har sai da na ji ta a ƙashin bayana. Ba zan ce na saye shi ba. Na dai ba Ngadiman wani abu, shi kuma ya daina cewa nasa ne. Na sa masa suna Den Bagus, yana zaune a can bayan shagon. Yanzu ina zuwa aski kusan kullum, ni da sanƙo ya cinye rabin kaina. Bune ta taɓa dubana ta ce, "Pakne, gashin nan naka akwai albarka, kullum ana yanka shi, shi kuma bai san yana nan ba."

Inda kwamfuta ta shigo shi ne nan. Mai kurciya dole ya riƙa sauraron zakarun bana don ya san inda nasa ya tsaya, wayata kuwa muryarta kamar ta sauro. Duk Alhamis da la'asar Yu Parti, matar Ngadiman, takan biyo ta ɗauki Bune a babur su tafi karatun mata a masallaci. Suna karya kwana sai in buɗe kwamfutar, in sha kuka son raina, in duba maganin ƙwarƙwatar tsuntsu, in leƙa sakamakon gasa. Kafin su dawo na goge tarihi tas. Na ɗauka na gama.

Ashe akwai talla. Wata Asabar mata sun cika falo suna zaɓen yadi, Bune ta buɗe wani shafi za ta nuna musu ɗinki, sai wani talla ya buɗe kansa, kurciya ta rangaɗa kuka da iyakar ƙarfin lasifika. Ni ina farfajiya ina wanke babur. Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga ya ce da ƙarfi, "Farkon ya yi kyau, amma wutsiyar ta gajarta." Can sai na ji Bune cikin sanyin murya tana ce wa matan, "Ku yi haƙuri, Ibu-ibu, maigidan ya yi ritaya, kunnensa ne bai samu takardar ba." Suka bushe da dariya. Ni kuwa na ci gaba da wanke tayar da na riga na wanke.

Da yamma na kai kukana teburin mai shayi inda tsofaffin abokan fili suke zama. Nan aka ce mini ai akwai 'yan ƙananan manhajoji da ake maƙala wa burauza, su tare talla, su hana shafuka bin sawunka. Masu gadi ke nan. Pak Sarwoto ya ce in sa mai hoton zaki, shi yake amfani da shi. Ngadiman ya ce a'a, in sa wanda yake ɓoye ƙasar da kake, kyauta ne. Lik Paimin, wanda ko kwamfuta ba shi da ita, ya rantse da wani mai hoton lema. Kin san halinmu, ba ma iya duban mutum mu ce masa shawararsa ba ta yi ba. Kuma washegari kowa sai ya tambaye ni ko na sa nasa, in na ce e ya ce yaya aikinsa. Ya zan yi? Na sa su duka, sun haura goma. Kowanne ya nemi izinin wani abu, na ce na yarda, don ban saba hana baƙo ruwa ba.

Tun daga ranar kwamfutar ta zama tsohuwa mai ciwon gwiwa. Hotunan yadin Bune wani lokaci su fito, wani lokaci su ƙi. Shafin kasuwa ya ɗauka mun koma wata ƙasa, ya daina nuna farashi da rupiya, har Bune ta tambaye ni wane irin kuɗi ne wannan mai ƙugiya. Mai hoton zakin kuma, da ya kori tallan mutane sai ya kawo nasa, kuma nasa na maganin ƙarfin maza ne. Bune ta daɗe tana kallon ɗaya daga ciki, ta juyo ta kalle ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Daga baya ta ce, "Pakne, kwamfutar nan mura take yi ne?" Na ce damina ce.

Ga abin da ya sa na rubuto. Tallan kurciya ya ragu a sauran wurare, amma a shafin kasuwar da Bune take da shago, a gefen da suke jera abin da suke ganin za ka so, abu biyu sun ƙi tafiya. Ɗaya kejin katakon jati ne sassaƙar garin Jepara, da 'yan kofunan tangaran, irin wanda ko a mafarki ba na tambayar kuɗinsa. Ɗayan wani dillali ne a Solo da yake sayen kurciyar gasa, wai har gida yake zuwa ya ɗauka. Bu Wiwik, ni ban taɓa neman komai a wannan shafin ba, na san gonar Bune ce, ba na takawa. Kuma ko a cikin zuciyata ban taɓa tunanin sayar da Den Bagus ba. To wa ya gaya musu? Sun fara karanta zuciyar mutum ne, har suna karantawa ba daidai ba?

Abin da ya ƙara tsorata ni, kwanakin nan Bune tana ta dafa mini garang asem, abincin da na fi so, tana 'yar waƙa a ɗakin girki. Ga gasa a ƙarshen wata, Den Bagus ya shirya, na san zai yi abin kirki. Ga Mbah Putri za ta zo ta yi mana mako guda daidai lokacin, kuma kujerarta tana fuskantar teburin cin abinci. Ina son tsuntsun nan, ba na kuma son in koma shayi ba sukari. Ki faɗa mini mai gadi ɗaya, na gaske, wanda zai share komai. Ko da na kuɗi ne.

Mai Yawan Aski, Klaten

Pak Mai Yawan Aski, sannu da aski. Bari mu fara da kwamfuta, don ita ce mai sauƙin.

Ka cire su duka, yau. Abin da ka yi shi ne ka ɗebo masu gadi sama da goma daga bakin titi, ba ka san iyayen ko ɗaya ba, ka miƙa wa kowanne mukullin ɗakin ajiyar matarka. Wannan izinin da ka riƙa dannawa, galibinsa yana nufin manhajar za ta iya karanta duk abin da ke shafin da aka buɗe, ta kuma canja shi. A kwamfutar da ake ciniki, wannan ya haɗa da sunayen masu saye, adireshinsu, da abin da Bune take rubutawa. Mai hoton zakin da yake kawo nasa tallan ba mai gadi ba ne, ɗan kasuwa ne da ya sa kakin gadi. Wanda yake ɓoye ƙasa kyauta kuma, duk zirga-zirgarku ta hannunsa take bi, sai ka tambayi kanka da me yake ci. Bayan ka cire su, a duba ko sun canja shafin bincike a mayar da shi, sannan Bune ta sake kalmar sirrin shagonta da ta imel. Wannan ba wasa ba ne, kuma ba za ka iya yi a bayan idonta ba.

Idan an share, guda ɗaya ya isa: mai tare talla da masu bin sawu. Ka ɗauko shi daga rumbun da masu burauzar suka tanada, ba daga wani talla da ya ce kwamfutarka tana cikin haɗari ba. Ka duba wa ya yi shi, ko yana da suna da shafin da za a same shi. Na fi natsuwa da waɗanda suka bar aikinsu a buɗe, duk masanin da ya ga dama ya leƙa ya ga abin da suke yi. Ka duba yaushe aka sabunta shi, don wanda aka yi shekaru ba a taɓa ba an yi watsi da shi. Idan za ka karanta ra'ayin jama'a, bar masu yabo, je ka wurin masu ƙorafi na kwanan nan, su ne za su gaya maka idan an sayar da manhajar ga wani ta canja hali. Mai tare talla na gaskiya ma yana bukatar ganin shafukan da kake buɗewa kafin ya yi aiki, shi ya sa ake zaɓen sa kamar yadda ake zaɓen mai riƙe mukulli. Amma idan ka ga manhajar duba yanayin ruwan sama tana neman irin wannan izini, ka sallame ta. A cikin saitin burauzar kanta ma akwai wurin hana shafuka bin ka daga wannan zuwa wancan, ka kunna shi, ba a biyan ko rupiya ɗaya.

Su Pak Sarwoto kuwa, idan sun tambaya, ka ce wata Bu Wiwik ce ta hana. Na saba ɗaukar laifi.

Yanzu ga keji da dillali. A'a, ba su fara karanta zuciya ba. Abin da shafin kasuwa yake jerawa a gefe ba ya cikin tallan da masu gadi suke tarewa, kayan shafin ne da kansa, kuma yawanci yana bin abin da aka nema da asusun da ke buɗe. Asusun na Bune ne. Ka ce kai ba ka taɓa neman komai a wurin ba. Mutum biyu ne ke taɓa kwamfutar nan. Kai da ka yi aikin gidan waya, na bar maka ka kai wannan wasiƙar gidan da ya dace.

Zan iya yin kuskure, shafukan nan sukan yi cinke. Amma ka sake karanta abin da ka rubuto mini. Wa yake ɗaukar matarka a babur duk Alhamis? Matar mutumin da tsuntsunka yake kuka a bayan shagonsa kullum safiya. Har yau ba a ƙera manhajar da za ta tare Yu Parti ba. Mace mai sayar da yadi, wadda take gane zare ɗaya da ya karkace a cikin turmi guda, kana ganin ba ta lura mai sanƙo yana zuwa aski kullum ba? Ina kyautata zaton Bune ta san Den Bagus, ta san kuɗinsa a kasuwa, ta kuma san kuɗin kejin da zai dace da shi. Ba ta yanke wanda za ta kira ba tukuna, shi ya sa take waƙa.

Zan yi muku adalci ku biyu. Kana da gaskiya ta wani gefen. Mutumin da ya yi ritaya yana bukatar abin da zai tashe shi da safe, kuma alkawarin da ka yi ranar Sallah ya fi bakinka girma. Babu wanda ya nemi ka bari har abada. Amma ita ma tana da tata gaskiyar, kuma ta fi taka nauyi. Ba kurciya ce ta ɓata mata rai ba, kujerarka ce da ta zauna babu kowa a gaban surukai, ita kaɗai tana ta murmushi tana ƙirƙiro uzuri. Ka zo ka yi alkawari a gaban mahaifiyarta, ta yarda da kai, sai ga shi kana zagayawa ta bayan shagon wanzami, har ka jefa sana'arta cikin haɗari don ka ɓoye sawunka. In da ni ce, wannan na ƙarshen zai fi yi mini ciwo.

Shawarata ita ce ka riga ta magana. Kada ka jira Mbah Putri ta sauka, kada ka jira gasa. Ka zaunar da Bune, ka fara da kwamfutar tunda dole ta canja kalmar sirri, in ta tambayi dalili ka ba ta dalilin tun daga kujerar Ngadiman. Kada ka ce ba saye ka yi ba, wannan zancen ni ma bai ci ni ba. Ka nemi a rage alkawarin ya dawo daidai ƙarfinka: tsuntsu ɗaya, a gida inda kowa zai gan shi, kuma duk ranar da iyali ke da sha'ani babu fili, ko da alƙalan sun zo da kansu suna roƙo. Sannan idan Mbah Putri ta iso, gwiwar nan tana nan inda ka bar ta, ba sai an jira wata Sallah ba. Ita aka yi wa alkawari, ita za ta sassauta shi.

Bayan haka ku raba burauzar, kowa da sashensa da kalmar sirrinsa, kai da tsuntsayenka, ita da yadinta. Ba don ka samu sabon maɓoya ba. Ka rubuto kana kukan ana leƙen ka, ga shi kai ma ka shafe kwanaki kana kallon tunanin matarka a gefen allo ba ka sani ba. Ita ma tana da haƙƙin ta yi shawara da zuciyarta ba tare da shafin kasuwa ya kai maka rahoto ba.

Abu na ƙarshe, kada ka ambaci keji, kada ka ambaci dillali. Ba ka ga komai ba. Idan wata rana aka sauke kwali daga Jepara a ƙofar gidanka, ka yi mamaki iyakar iyawarka. Idan kuma ka yi ta jan ƙafa har mutumin Solo ya riga ka, to ka taya shi ɗaure kejin a babur, kada ka ce ban gaya maka ba. Yau Talata, karatun mata jibi ne, kuma hanyar masallaci tana da tsawon da mata biyu za su gama yanke shawara.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya tsawaita wutsiyar kukan Den Bagus, ya bar maka sukari a shayi. Ka kuma bar sauran gashin nan ya huta.

Bu Wiwik